Shanya a Ƙasar da Ruwa Ba Ya Sallama

Fata goma sha biyu na tafi da su, jemammu, shida jajaye, shida ruwan ƙasa. Kwana biyar gare ni a Ireland, kuma sau ɗaya tak mai sayen ta yarda ta gan ni, ranar Talata da hantsi. Dattijuwa ce mai sana'ar yi wa littattafai bango da fata, shekara uku muna musayar saƙo. In fatun suka yi mata, majemata ta samu ciniki mai ɗorewa. In ba su yi ba, in dawo Gwammaja da labarin jirgi kawai. Abin da ya tsare mini su kuwa ba wayona ba ne, tatsuniyar kakata ce.

Iya Gambo muke ce mata. Tatsuniyarta ta fi daɗi da damina. In ruwa ya kore mu daga tsakar gida bayan isha'i, sai mu cusu a rumfar girki, ita tana gaban murhu tana juya masara a kan garwashi, indararo na zuba a bayanmu. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika, kuma kullum ni take ba ƙonanniyar masara, wai miji marowaci bai cancanci mai kyau ba.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta, sai kowa ya matso.

Wai wasu fatake ne, wa da ƙane, suka ɗauki gishiri suka haye babban ruwa zuwa wani tsibiri. Sun sauka rana tana haske, sama fes, amma kowane mutumin garin yana rataye da kabido, rigar ruwan nan ta kaba. Wan ya yi ta dariya, ya ce mutanen nan ba su da hankali. Ya baje gishirinsa a fili ya tafi neman abinci. Ƙanen kuwa ya ba da ɗan gishiri aka ba shi kabido biyu, ya lulluɓe kayansa. Kafin wan ya dawo, ruwa ya sauko, babu hadari, babu tsawa, gishirinsa ya bi ƙasa.

Na ce, "Haba Iya! Ina aka taɓa ruwa babu hadari?"

"Ji mini Maigida! Ko Kurna ba ka taɓa zuwa ba, kake musu da ni a kan duniya?" Ta nuna ni da tsinken juya masara. "In ka sauka garin da ba naka ba, kada ka dubi sama, ba ta san ka ba. Dubi hannun mutanen garin, ka ga abin da suka riƙo. Ta ƙare, wanda ya yi gyangyaɗi ya yi asara."

Na girma, na shiga harkar fata, na manta da fataken nan sarai.

Sabo, wani ɗan unguwarmu da ke aikin jinya a can, shi ya sauke ni. A waya ya ce mini lokacin zafinsu ne, don haka shadda kawai na zuba a akwati. Ashe zafin nasu ya kusa hunturunmu. Magariba ma sai wajen ƙarfe goma, har na gaji da jiran ta.

Ranar Litinin Sabo ya tafi aiki, gari ya waye da rana mai kyau. Na buɗe akwati, na ji fatun sun ɗauki warin rufi. Na fita na dubi gabas kamar yadda duk Bakano zai yi, ban ga ko ɗigon hadari ba. Sai na shanya su a igiya a bayan gida, na tafi sayen burodi.

A inda ake jiran bas na tarar da mutum biyar ko shida. Kowa da rigar ruwa, wani tsoho har da lema a hammata, ga rana tana dukan ƙeyarsa. Dariya ta kuɓuce mini. Ina jin sautinta na gane ta: dariyar wan nan ce mai gishiri na tatsuniyar Iya.

Na tattare rigata na juya da gudu, ni da na shekara ashirin ban yi gudu ba. Ina cire fata ta goma yayyafi ya fara, siriri, babu iska, babu ƙanshin ƙasa, babu sallama. Kafin in kai goman ɗaki in dawo, ya jiƙa biyun da suka rage. Fatar da aka jeme da bagaruwa kuwa in ruwa ya ɗiga mata, tabon ya zauna ke nan. Ban gama haki ba rana ta sake fitowa kamar ba ita ba.

Da Sabo ya dawo ya ji labari, sai da ya riƙe ciki. "Alhaji, shanya ka yi? A nan? Ai garin nan yini ɗaya sai ka ga rani da damina da hunturu!"

"Da ka faɗa mini a waya ai da ban zo da shadda ba."

Ranar Talata na shimfiɗa wa dattijuwar goman, na kuma nuna mata biyun, na gaya mata gaskiyar abin da ya same su. Ta yi murmushi, ta shafa jajayen, ta shinshina, ta ce in aiko da wasu. Har yau ina aika mata.

Iya Gambo ba ta taɓa ganin teku ba. Mahaifinta bafatake ne, ina jin a bakinsa ta tsinci labarin, ta adana shi har ya iske ni a inda ake buƙatarsa. Tun daga ranar, duk ƙasar da na sauka, hannun mutane nake fara duba.

Na yi asarar fata biyu da hula ɗaya da ta faɗi a taɓo ina gudu. Na tsira da goma, da cinikin da ya riƙe majemata, da rigar ruwa da na saya a ranar. Tana nan rataye a shagona, maƙwabta na yi mata dariya da rani. Ni dai Fatiha nake yi wa Iya, Allah ya jiƙanta.