Jatau, Karen Barakatu Mai Banda

A bakin ruwan Wara, kusa da inda kwalekwale ke sauke kifi da hantsi, akwai wani gida mai dangar kara da hayaƙi ya baƙanta tun daga ƙofa har jinka. Gidan Barakatu ne, mai banda. Shekara arba'in da 'yan kai tana wannan sana'a. A kawo mata tarwaɗa da ƙarfasa ɗanye, ta feɗe, ta lanƙwasa, ta soke da tsinke, ta jera bisa waya, ta hura wuta a ƙasa. Fatake sun ce kifinta ba ya tsutsa, ko da ya kwana bakwai a hanya.

Ba a Wara aka haife ta ba. A wani tsibiri ne tsakiyar Kwara, cikin waɗanda ruwa ya shanye shekarar da aka datse kogin. Abin da ta riƙe na ranar tashinsu kaɗan ne: akuyarsu a ɗaure cikin jirgi, da kakarta da ta ƙi waiwayawa. Ta girma a Wara, ta auri Ya'u masunci, ta haifi biyar, ɗaya ta tsaya, Hadiza, wadda ke aure a Shanga. Ya'u ya rasu wata damina. Bayan shekara biyu wani zazzaɓi ya kwantar da Barakatu. Ta tashi, amma jinta bai tashi tare da ita ba. Kunnen dama ya mutu sarai, na hagu kuwa sai an kai baki kusa an ɗaga murya.

Kurumta ga mai banda ba ƙaramar asara ba ce. Masu kifi su yi sallama su gaji, su wuce gidan gaba. Mai ya ɗiga a wuta ya yi ƙara, ba ta sani ba sai ta ji ƙauri. Hadiza ta zo ta ce ta tattara su koma Shanga. Barakatu ta ce an taɓa tashin ta sau ɗaya, ya isa.

Ana haka sai Peter, wani manomi daga kan tudu da ke kawo mata itace, ya zo da ɗan kwikwiyo ja cikin kwando. Ya sunkuya wajen kunnenta na hagu ya ce, "Inna, ga mai yi maki sauraro na kawo."

"Kare? Gidan da aka salla?"

"Ai waje zai kwana, Inna."

Ta ce ya mai da abinsa. Peter ya sauke itace, ya tafi, ya manta kwandon. Har yau bai dawo nemansa ba.

Ta sa wa karen dokoki. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buta, kaskonsa daban can gindin danga. Ta kira shi Jatau. Ba wanda ya koya masa aikin da ya ɗauka. In an yi sallama, sai ya taso ya dungure ta da goshi a ƙauri, sannan ya juya ya dubi ƙofa. In shirwa ta sauko kan kifi, ya kore ta. In wuta ta yi yawa, ya yi ta kewaya murhun har ta waiwayo. Masu kifi suka dawo. Shekara shida suna haka, ba ta taɓa shafa kansa da hannu ba, amma ba ta taɓa kai loma baki ba ta jefa masa tasa ba.

Bayan dangarta gidan Dudu ne. Jirgi ɗaya ya kawo su Wara suna 'yan mata ƙanana, kuma tun daga ranar ba su rabu ba. Dudu kaɗai ce ba ta bukatar ihu. Barakatu na karanta bakinta kamar allo. Kowace safiya Dudu na shigowa da kwanon ɗumame, a gefe kuma ɗan ƙanzo jiƙaƙƙe cikin murfi.

"Kurma, kin tashi? Ina angon naki?"

"Ga shi can, shina jiran uwargida ta kawo mai kari."

"Allah shi kiyashe ni. Ni da nike da alwala."

Sai ta zuba ƙanzon a kasko daga nesa, tana tattare zani, Jatau na kaɗa wutsiya.

Ranar da abin ya faru, rani ne, iska na kaɗowa daga tafki. Barakatu na sunkuye tana juya kifi. Man tarwaɗa ya zubo, wuta ta yi tsalle ta kama bakin zaninta ta baya. Ba ta ji komai ba. Jatau na bayan ɗaki. Dudu ta shigo da kwanonta, ta ga wuta na hawa, ta ƙwala kira, ta tuna kiran banza ne. Ta yar da kwanon, ta ture Barakatu ƙasa, ta hau ta da duka da tafin hannu, tana kashe wutar.

Abin da Jatau ya tarar ke nan da ya kewayo: uwar ɗakinsa a ƙasa, wata a kanta tana duka. Ya yi tsalle ya kama hannun Dudu na dama, bai saki ba sai da Barakatu ta maka masa itace.

Wutar ta mutu. Barakatu ta tsira da ɗan ƙuna a cinya. Hannun Dudu kuwa ya yage daga wuyan hannu zuwa gindin babban yatsa.

Garba, ɗan Dudu, direban jirgin inji ne, mutum mai saurin hawa. Kafin azahar ya iso da gora. Malamin asibitin da ya wanke ciwon ya biyo shi a baya yana haki.

"Garba, aje sandar nan. In ka kashe shi yau, mi za mu duba? A ɗaure shi kwana goma. In ya kai lafiya, shina ci shina sha, to ba haukan kare ba ne. Ita kuma a kai ta Yelwa a fara mata allura, ba a jira."

"In ya kai kwana goman fa?"

"Wannan kuma ba aikin asibiti ba ne."

Garba ya durƙusa gaban Barakatu, don ko cikin fushi bai manta ita ta yi masa wanka yana jariri ba. Ya kai baki kunnenta. "Inna Baraka, kwana goma anka ce. Na ji. Amma in karen nan shina nan, Innata ba ta ƙara taka gidan ga. Ba ni bari."

Aka sa Dudu a mota aka tafi da ita Yelwa, gidan wata ɗiyarta. Barakatu ba ta samu ganin bakinta ba, don an lulluɓe ta da mayafi.

Da hannunta ta ɗaure Jatau a gindin darbejiyar bayan gida. Kwana uku na farko ta yi su tana roƙon Allah ya raya shi, domin rayuwarsa ita ce lafiyar Dudu. Kowace safiya ta kai masa ruwa, ta tsaya ta ga ya sha. Ta dubi idonsa, ta dubi bakinsa ko akwai dalala. Ya ci, ya sha. Yana ganinta sai ya miƙe ya ja igiya har ta shaƙe shi. Wani lokaci ta hango shi ya ɗaga kai sama, bakinsa a buɗe, maƙogwaronsa na rawa. Ita ba ta jin komai. Sai dai ta ga maƙwabta na wucewa da fuska a ɗaure.

A rana ta biyar ta lura addu'ar ta fara yi mata nauyi a baki. Da zai nuna alamar ciwo, da magana ta ƙare, ba wanda zai ce ita ta zaɓa. Ta kama kanta da wannan tunani, ta tuna abin da ciwonsa ke nufi ga Dudu, ta yi istigfari har sau nawa. Ranar ba ta ci abinci ba.

Ta je wurin liman. Ya yi mata bayani da ƙarfi, a hankali. Kare na tsaro an yarda a riƙe shi. Kare mai cizo an yarda a kashe shi. Ta tambaye shi, to wanda ya yi cizon saboda tsaron fa? Liman dai ya ce Allah ya ba ta mafita.

Labari na zuwa daga Yelwa ta bakin direbobi. An yi allura, ciwo na kamewa, amma yatsu biyu ba sa lanƙwashewa. Dudu mai saƙar tabarma ce. Barakatu ta aika a gaishe ta sau uku, kullum amsar ɗaya ce: tana amsawa. Ba a kawo mata wata kalma game da karen ba, ko ta a kashe ko ta a bari.

A rana ta tara Peter ya kawo itace. Ya je ya duba Jatau, ya buɗe bakinsa, ya dawo.

"Inna, karen nan lafiyarsa lau. Ba ni shi in koma da shi tudu."

"Shi zauna?"

Peter ya sosa ƙeya. "Ya san hanya. Kwana ɗaya zai dawo. Sai dai in riƙe shi a ɗaure."

"Har yaushe?"

Dukansu suka juya suka dubi darbejiyar. Igiya ta cinye gashin wuyan Jatau, ƙasa kuma ta yi rami inda yake kewayawa.

"Inna, ba laifinsa ba ne. Aikinsa ya yi."

"Na sani. Dudu ma aikinta ta yi." Ta dubi murhun. "Wuta na iya ƙara tashi, Peter. In shina nan, wa za ya zo kusa da ni?"

Kwana goma suka cika ranar Laraba. Malamin asibiti ya zo ya duba, ya ce alhamdu lillahi, Dudu ta kuɓuta. Mata suka shigo yi wa Barakatu barka. Garba bai zo ba, bai kuma aiko ba. Ba wanda ya tilasta mata komai.

Washegari da safe ta zaɓi tarwaɗa mafi girma a kan waya, ta ɓare ta, ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a kasko. Ta zauna har ya cinye. Sannan ta ɗora hannu a kansa, karo na farko. Kan na da ɗumi, ƙashin kuma ya fi yadda take zato ƙanƙanta. Peter ya zo da bindigarsa ta farauta a naɗe cikin buhu. Ya kwance igiyar, ya ja, Jatau ya turje. Sai da ita ta taka ta raka su har bakin fadama, ta nuna masa hanya da hannu, sannan ya bi.

Ta dawo ta wanke hannunta sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ta zauna gaban murhu tana fuskantar fadamar. Ba ta ji komai ba. Can sai ta ga balbelu sun tashi gaba ɗaya daga kan giginya, sun yi kewaye, sun sake sauka.

Ta aika wa Garba cewa gida ya zama na kowa.

Ranar Asabar ta wuni kan aiki. Kifi kaɗan ne, wanda ta je bakin ruwa da kanta ta karɓo, don tun da aka ɗaure Jatau masu kifi suka koma wucewa. Ta juya wa ƙofa baya saboda iska. Sai da rana ta take tsaka ta miƙe za ta ɗebo ruwa, ta ga kwano a ajiye a bakin ƙofa, daga waje. Ta san kwanon, na Dudu ne, ashe ta dawo daga Yelwa. Yana da lotsawa a gefe, tun ranar da aka yar da shi. Kusa da shi akwai sawun takalmi a cikin rairayi, ya zurfafa wuri ɗaya, irin na wanda ya daɗe a tsaye. A nan ba a shiga gida sai an amsa sallama, in an yi uku ba a amsa ba sai a juya. Dudu a da ba ta san wannan doka ba a gidan Barakatu.

Ta ɗauki kwanon. Ɗumamen ya huce tuni. A gefe, cikin murfi, ga ƙanzo jiƙaƙƙe.

Ko Garba bai gaya wa Dudu karen ba ya nan ba ne, ko hannu ne ya saba, ko kuwa saƙon a bar karen ne ya makara, Barakatu ba ta tambaya ba. Da la'asar ta kewaya gidan Dudu ta gaishe ta. Suka zauna a tabarma ɗaya, Dudu ta ɓoye hannun cikin mayafi, tana magana kanta a sunkuye, Barakatu ba ta ga bakinta sosai ba. Ba wadda ta ambaci ƙanzo.

Har yanzu tana banda, kaɗan-kaɗan. Ta juya murhun yana kallon ƙofa, hayaƙi na shiga idonta. Dudu kan aiko da ɗumame, wata rana ta kawo da kanta ta tsaya daga ƙofa har a gan ta. Kaskon na nan gindin danga. Da damina yakan cika da ruwa, kaji na sha.