Matar da ke Auna Iskar Tasha

A bakin tasha, inda aminina ya shekara ashirin yana sayar da jarida kafin ciwon huhu ya ɗauke shi, wata mata tana kan tsani. Siririya ce, tabaraunta ɗaure da zare, da gani ba ta samun hutu. Tana zaro wata 'yar takarda baƙa ƙirin daga akwatin da ke jikin sandar lantarki, da hantsaki, kada hannunta ya ɓata ta.

"Malama, mene ne wannan?"

"Ƙurar hayaƙin da kuke shaƙa muke aunawa, Baba. Fara fat na sa ta."

"Yaushe?"

"Jiya da safe."

Innalillahi. A gindin tsanin, matar aminin nawa na jera jaridu, tana ɗago mini hannu.