Yadda Fuskar Goggona Ta Zama Tallan Yunwa

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni ma ba zan kama sunan kowa ba, ba don sun cancanci rufin asiri ba, sai don kada in ƙara wa wata baiwar Allah kunya a kan wadda na riga na jawo mata. A shekarun da zan ba da labarinsu ni mai ɗaukar hoto ce a Talata Mafara, matar aure, mai kyamara ɗaya da bakin da ba ya bari ta kwana. Da bukukuwa na fara, ɓangaren mata inda namiji ba ya shiga. Daga baya aka nuna mini kasuwar hotuna ta intanet: ki ɗora hoto ko ɗan gajeren bidiyo a shafin wani kamfani na ƙasar waje, ɗan jarida ko mai talla ya biya ya sauke, kamfani ya ɗebi nasa ya miƙo miki kasonki. Mu 'yan kaɗan ne ke wannan sana'a tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, kuma ni kaɗai ce mace. Ina ji da kaina sosai a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Mazan suna ɗaukar gonakin rani na Bakalori, da shanu, da ranar kasuwa, kuma hotunansu duk kamarsu ɗaya. Ni kuwa ina da abin da babu mai shi, wato cikin gida. Goggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni a Dakko tun rasuwar mahaifiyata, kuma gidanta gidan gumi ne, wato turararriyar shinkafa. Daga kaka har bazara tukunya ba ta sauka daga murhu, mata na turara shinkafa suna shanyawa suna bakace. Ranar da na fara neman izinin ɗaukar su tana zaune tana tsince tsakuwa a matankaɗi, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Hannu kaɗai, ɗiyata. Ban da huska." Na ce na ji. Da maganarta sauran matan unguwa suka sake da ni, domin in Goggo ta yarda da abu a Dakko an gama magana. Hannayen nan su suka biya wa yarana kuɗin makaranta.

Sai dai akwai abin da ban taɓa gaya mata ba. Mace mai aiki ba ta tsayawa wuri ɗaya, in kika matsa kusa don hannu kawai sai rabin hotunan su fito a birkice. Saboda haka daga nesa nake ɗauka, mutum sukutum har da fuska, in na koma gida in datse hoton a kwamfuta in bar hannu da ƙwarya. Datsattsen nake ɗorawa, shi nake nuna musu. Na asalin kuwa suna nan cikin wani ɗan baƙin akwati mai girman sabulu da ake jona wa kwamfuta. Kowane mai hoto haka yake aiki, ban taɓa ganin laifi a ciki ba tunda akwatin ba ya fita daga ɗakina.

Ana haka kasuwa ta fara lalacewa. Kamfanin ya aiko da saƙo mai zaƙin baki, wai ya kawo sabon tsari don ci gabanmu. Ci gaban shi ne an zaftare kasonmu, kuma duk farkon shekara a mayar da kowa matakin biya mafi ƙasa, wanda ya shekara goma yana wahala da wanda ya shigo jiya duk ɗaya. Suka koma sayar da hotuna a dunƙule kamar masu gwanjon tumatir da yamma. Hoton da a da yake saya mini mudun shinkafa ya koma ko ƙullin gishiri ba ya saya. Ga kuɗin data, ga man babur, ga hanyar Maradun da Faru da mutum ke bi da ransa a hannu. Duk da haka ƙarshen kowane saƙo sai sun rubuta cewa suna alfahari da mu. Alfaharin banza, wallahi ko ɗan fashi ba zai yi wa mutum irin wannan yankan yana murmushi ba.

Labari ya zo cewa masu hoto a ƙasashe da dama sun haɗa kai za su kulle shafukansu, kada a sayi komai kada a ɗora sabo, har kamfani ya ji a jikinsa. Muka ce mu ma ba za a bar mu a baya ba. Akwai wani a cikinmu, ɗan Maradun da ya dawo Mafara ya buɗe shagon hoto, wanda ya naɗa kansa shugaba tun kafin a ce ana neman shugaba. Ciyaman muke ce masa. Mutum ne mai ƙaton carbi da tsayin jawabi, in ya fara maganar zalunci sai jijiyar wuyansa ta miƙe. A shagonsa muka taru, kowa ya kulle shafinsa a gaban kowa. Daga nan aka fara kallon juna, domin duk wanda ke wurin ya san halin ɗan'uwansa. Sai Ciyaman ya kawo shawara a yi irin ta iyaye, a yi ajiya a hannun babba: kowa ya kawo akwatin hotunansa a kulle a kabad ɗin ƙarfe na shagon, a shafa Fatiha, kada shaiɗan ya ja wani ya ɗora a ɓoye.

Da na tsaya na yi tunani da na ga wautar abin, tunda babu abin da zai hana mutum ajiye kwafi a gida. Kuma da na ce a ba ni zuwa gobe da na kwashe hotunan matan tukuna. Amma wani mai gemun akuya daga Bakura ya yi 'yar dariya ya ce ai mace ce za ta fara karyawa, da zarar ta ga sabuwar atamfa yajin aiki ya ƙare. Sauran suka ƙyalƙyale. Raina ya ɓaci, na buɗe jaka na ciro akwatina na dangwarar a kan tebur kafin kowa, na ce ga nawa, mu ga na maza. Ciyaman ya yi ta yabona, wai na fi maza goma. Aka shafa Fatiha, ya murɗa makulli ya jefa a aljihu. Na koma gida ina ta kumbura, ko sau ɗaya fuskar Goggo ba ta faɗo mini a rai ba.

Yajin aikin namu kamfani ko tari bai yi ba. Mu da muke zaton duniya za ta tsaya don babu hoton shinkafar Bakalori, sai ga shi ko amsa ba a ba mu ba. Mazan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mai gemun akuyar nan shi ya fara, wai matarsa ta haihu. Wani ya ce uwarsa ba lafiya, wani ya ce shafin ne ya buɗe da kansa, ka ji fa. A zauren hirar da muka buɗe a waya kuwa kullum sai sun turo jawabin jajircewa da kabbara. Ni na daure har sai da na ga ni kaɗai na rage ina yajin aiki da kaina, sannan na je na karɓi akwatina. Ciyaman ya miƙo mini da hannu biyu yana sa mini albarka.

Bayan kaka babban ɗan Goggo, wanda nake kira Yaya, ya buga mini waya. Manomin shinkafa ne da ake ji da shi a Dakko, mutum mai sanyin hali. Ranar ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Ki zo Bakura ki ga abin da kinka yi muna." Na hau mota na je. A bakin wani fili da wata ƙungiya ke rabon kayan agaji ga 'yan gudun hijira an kafa ƙaton ƙyalle, a jikinsa ga Goggona, fuskarta ta fi ƙofar ɗaki girma. Tana zaune ta yi tagumi, ɗankwali ya zame, a gabanta ƙwarya ba komai a ciki. A ƙasa an rubuta roƙon a taimaki iyayenmu da yunwa ta galabaitar. Na san hoton, ni na ɗauke shi. Ranar haƙori ke damunta, tana jiran gumi ya huce, ƙwaryar kuma yanzu aka wanke ta. A bayanta akwai buhunan shinkafa jibge har rufi, amma an yanke su tas.

Yaya ya gaya mini abin da ya biyo baya, yana magana yana kallon ƙasa. Hoton ya shiga wayoyin mutane, an yi ta turawa. A majalisa ana tambayarsa ko rumbunansa na ado ne, tunda ga uwarsa can ana bara da ita. Surukan ƙanwarsa, ko da gaske ko da gatse, sun aiko wa Goggo da kwanon gero sadaka. Matar da ta ciyar da rabin unguwa, wadda ba a taɓa ganin fuskarta a kasuwa ba tun tana amarya, yau direbobi da 'yan acaba sun san ta. Matan da nake ɗauka kuma duk hankalinsu ya tashi, kowace na jiran ranar da za a kafa tata.

Daga Bakura shagon Ciyaman na wuce kai tsaye. Bai ma wahalar da kansa da musu ba. Ashe tun makon da aka shafa Fatiha ya buɗe wani shafi da sunan ƙanensa, ya kwashe abin da ke cikin akwatunanmu ya ɗora, yana ci shi kaɗai lokacin da muka bar masa kasuwa fayau. Ya ce masu saye sun gaji da hannu, fuska suke so, fuskar ma mai ban tausayi, kuma shi yana da iyali. Ya ce in kwantar da hankalina, zai ba ni rabin abin da hoton ya kawo. Ya duba waya ya faɗi kuɗin. Edita, ko katin waya na kirki ba zai saya ba. Wato a kan wannan aka sayar da mutuncin tsohuwa. Na gaya masa maganganun da ba zan iya rubutawa a mujalla ba, shi kuwa yana jan carbinsa yana cewa in ji tsoron Allah.

Na kai ƙara zaurenmu. Jaruman yajin aiki suka ce a yi haƙuri, a rufa wa juna asiri, kada a ji kanmu a waje. Daga baya na gane dalili: wasunsu sun sani tuntuni, ya ɗan jiƙa musu hannu sun yi gum. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa da irin zaƙin bakin nan nasu, wai sun ji ba daɗi, sun cire hotunan daga shafinsu, amma duk wanda ya riga ya saya yana da ikon ci gaba da amfani da abinsa. Masu ƙyallen kam da Yaya ya je da dattawa sun ba da haƙuri sun cire, su ba su san komai ba, saya suka yi. Abin da ya shiga waya kuwa babu mai cire shi.

Sai da na yi kwanaki ina jan ƙafa kafin na iya zuwa Dakko, kuma kyamarar a gida na bar ta. Na shirya jin zagi, har na fi son a zage ni. Goggo ta amsa sallamata, ta gaishe ni doguwar gaisuwa, gida da maigida da yara da gajiyar hanya, irin wadda ake yi wa baƙuwar da ba a saba da ita ba. Na durƙusa na faɗi komai, har da datsewar da nake yi ban gaya mata ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta sa aka kawo mini tuwon shinkafa malmala uku da miyar kuka da man shanu, ta tura kwanon gabana ta ce, "Ci, ɗiyata. Gidan ga ba mu kwana da yunwa, ko mi anka rubuta." Na ci ina kuka.

Ga abin da zan gaya wa duk mai wannan sana'a, musamman mata irina da ake buɗe wa ƙofa saboda yarda. Haɗa kai a kan azzalumin kamfani daidai ne, ko gobe aka kira na gaskiya zan shiga. Amma ki dubi wanda kike haɗa kan da shi, domin tsayin carbi da tsayin jawabi ba su hana mutum buɗe kabad. Abin da ke cikin akwatinki ba naki ba ne ke kaɗai, fuskokin mutane ne, kuma ba ki da ikon ba da su ajiya don ki burge wasu sakarkaru. Wadda kika yi wa alkawarin hannu, goge fuskarta tun ranar. Na raina kamfanin, na raina Ciyaman da 'yan amshin shatansa, amma in na tuna yadda na dangwarar da akwatin nan ina hura hanci sai in rasa wa zan fi rainawa.

Goggo ta ce ta yafe, kuma na san ba ta ƙarya. Har yau ina zuwa Dakko, ana karɓata, ana ba ni abinci. A zuwana na ƙarshe muna zaune a tsakar gida ni da ita sai wayata ta yi ƙara a jaka. Na sa hannu zan ciro, kafin in ɗago matar da ta goya ni ta ja mayafi ta rufe fuskarta.