Ruwan da Na Zuba a Kwalbar Malam Sule

Kafin in lalace, ni yaro ne mai hankali, kowa a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta zai gaya muku. Na gama sakandare, ina taya babana noman gyaɗa, ga ɗan babur da yayana ya bar mini. Matsalata ɗaya ce, son gayu. Abokaina su ɗau wanka su ɗora a sitatus, ni kuwa ga ni da faso da ƙasar gona.

A garinmu akwai wasu bayin Allah da suka haɗa kansu suna jinyar waɗanda asibiti ya ce a koma da su gida, sai dai addu'a. Ba mai biyansu. Maza su kula da maza, mata da mata. Su juya mara lafiya kada bayansa ya yi gyambo, su wanke shi, su ɗiga masa ruwa a leɓe, su zauna da shi matar gida ta samu ta runtsa. Shugabansu Baba Iro, tsohon malamin ɗakin shan magani ne. Shi ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Ɗana, wannan babur naka ba ya son lada ne?"

Aikina shi ne in je asibiti a Kano in karɓo maganin rage raɗaɗi, na ruwa, a kwalba. Da farko tsakani da Allah nake yi. Sai na fara da kayan dubiya. Lemo ɗaya, gwangwanin madara ɗaya. In ce wa kaina ai mai shi ba ya iya haɗiya. Ba wanda ya lura, ni kuma hannu ya saba.

Wata rana a tasha wani abokina ya leƙa ledata. Ya ce, "Mutumina, ka san me kake ɗauke da shi kuwa? Gayu na nemansa ido rufe. Kai kana yawo da harka kana shan rana a banza."

Ranar na tsiyaye kaɗan na sayar masa, na cike kwalbar da fiya wata. Sati na gaba, rabi.

Kwalbar ta Malam Sule ce, wani dattijo mai ciwon daji. Duk ya ƙare sai idanu, amma bakinsa bai mutu ba. In na shigo sai ya ce, "Direbana, ka dai bi titi a hankali, kada ka riga ni." In an ba shi maganin yakan samu lafawa ya yi hira sosai. In babu, sai nishi.

Yana da 'ya, Hadiza, tana aure a Bacirawa. Ya ce akwai maganar da zai gaya mata baki da baki. Baba Iro ya miƙa masa waya, ya ture. "Wannan ba ta waya ba ce, Malam Iro." Aka tsayar za ta zo ranar Lahadi, ranar kasuwa, da yake motoci sun fi samuwa. Na san da haka, a gabana aka yi. Amma a satin ne na ga wani takalmi da ya tsole mini ido. Na juye kwalbar duka, na kawo musu ruwa zalla.

Hadiza ta iso da hantsi da goyonta. Baba Iro ya auna maganin ya ba mahaifinta, aka jira. Shiru. Malam Sule ya riƙe hannunta, ya buɗe baki, ciwon ya murɗe shi. Ta sa kunne a bakinsa tana cewa, "Baba, ga ni, faɗa mini." Ba abin da ke fitowa sai nishi. Har la'asar Baba Iro na durƙushe yana shafa masa baya, yana cewa, "Ko ni na yi kuskuren awo? Allah Ka yafe mini, tsufa ya zo." Ina tsaye a bakin ƙofa da sabon takalmi, ina ji yana ɗora wa kansa laifina.

Can sai ya ɗiga maganin a bayan hannunsa ya lasa. Da ya ɗago ni ya kalla. Ya ce, "Ɗana, wannan maganin ɗaci gare shi. Ina ɗacin ya tafi?"

Bai zage ni ba. Ya hau motar kasuwa da kansa ya nufi Kano neman wani. Kafin ya dawo Malam Sule ya daina gane mutane. Ranar Talata ya cika.

Da maganar ta kai ga hukuma, abokin nan nawa aka fara kamawa, ko minti biyar bai yi ba ya ambaci sunana. Alƙali ya tura ni gidan yari. Wahalar can ba sai na faɗa ba, amma abin da ya fi cina shi ne duk wanda ya yi nishi a ɗakin, muryar Malam Sule nake ji.

Da na fito, gidan Baba Iro na fara zuwa, na zube a zaure. Ya ce, "Yafiya ba a hannuna take ba, je ka Bacirawa." Na je. Hadiza ta saurare ni ta bayan labule, sannan ta ce, "Malam, kai da kake shiga wurinsa kullum, bai taɓa gaya maka ko mece ce maganar ba?" Na ce a'a. Ta ce, "To, Allah Ya yafe mana." Ta koma ciki.

Yanzu na koma karatu, har na samu gurbi a kwaleji, alhamdu lillahi, murna kamar in yi tsalle. Duk Asabar ina wurin su Baba Iro. Ya ce kwalba kam ni da ita har abada, ya miƙo mini bokiti da sabulu. Ni ke wanke zannuwan gado da fo, kuma ban taɓa jin na cancanci abin da ya fi haka ba.

'Yan uwana matasa, mutanen nan sun tsufa, gwiwa ta ƙare, hannu suke nema. Awa ɗayan da kake kashewa kana latsa waya, ka je ka juya wani dattijo, ka ba matarsa dama ta yi barci. In kun haɗu da masu wannan aiki ku gaishe su da girma. Kuma in an ba ku amanar mai jinya, ko lemo ɗaya kada ku taɓa, daga nan tawa ta fara.

Har yau ba wanda ya san abin da Malam Sule ya so ya gaya wa 'yarsa. Ni na sayar da shi a bayan tasha.