Mutumin da Ya Ari Kunnen Inna

Kullum da safe, kafin ya taɓa gatari, igiya yake fara dubawa. Zai zauna a ƙofar gidansa ya ɗora ta a cinya, yana bin ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. In ya ji wani wuri ya fara cinyewa, yanke shi yake yi, ba ya ƙullawa. Sannan ya wasa haƙoran zarto, ya zuba wa injin yankansa mai, ya ɗaure komai a tsohon babur ɗinsa. Ƙaninsa mai riƙe masa igiya, wanda shi ma furfura ta fara kama shi, ya ɗare baya su tafi.

A unguwarmu ba wanda ke kiransa da wani suna sai A-Hankali, domin kalmar da aka fi ji daga bakinsa ke nan in yana saman bishiya. Masu tsokana kan ce kafin ya gama sare reshe ɗaya wani ya tsiro. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce sannu ba ta hana zuwa. Aikinsa shi ne bishiyar da kowa ke tsoro: wadda gara ta cinye cikinta, wadda iska ta tsaga, wadda ta karkata a kan rufin mutane. Kuma kada ka kuskura ka ce masa ya zo ya kayar da ita.

"Kayarwa ai aikin iska ne," in ji shi. "Ni saukewa nake yi."

Mai walda na bakin titi shaida ne. Wata bishiya ta taɓa jingina da wayar wuta daidai kan rumfarsa, wasu matasa suka zo da gatura za su fara ta gindi. A-Hankali ya tsaya a gabansu ya ce ba mai sara sai masu wuta sun zo sun kashe layin. Aka yini ana zaginsa, har da shi mai waldar da aikinsa ya tsaya. Yau shi ne ke ba da labarin, yana ƙarawa da cewa da an bi ta tasa da yanzu wani labarin ake yi.

Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mangwaron tsakar gidanmu.

Mahaifinmu ne ya dasa shi shekarar da ya gina wa Inna ɗakinta. Bayan rasuwarsa Inna ta mayar da inuwar nan wurin zamanta, nan take tsefe kan jikoki, nan take karɓar baƙi. Damina ta bana, wata iska da yamma ta tsaga babban reshensa, bishiyar ta karkata, kanta ya tsaya daidai saman kwanon ɗakin da Inna ke kwana. Muka roƙe ta ta koma wani ɗakin, ta ƙi. Muka ce a sare, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ubanku ya dasa, ku ku sare? Ganyenta shar, me ya same ta? Ku ne dai idonku ya rufe."

Duk sanda hadari ya haɗo, tsoro nake ji ƙwarai, kuma na rasa yadda zan yi da uwar da ba ta jin magana. Da yayana ya gaji, sai ya je ya ɗauko A-Hankali.

Bai zo da inji a hannu ba, a waje ya bar shi. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta amsa a daƙile. Ya zagaya bishiyar yana kallon sama, ya tona gindinta da yatsa, ya murza abin da ya fito. Sannan ya juya gatari, ya buga jikinta da ƙeyarsa, ya kara kunne. Ya sake bugawa. Sai ya girgiza kai.

"Inna, ki taimake ni," ya ce da ƙarfi. "Injin nan ya cinye mini kunne. Da can ina bugawa nake sanin mai lafiya da mai kogo. Yanzu ba na ji. Ki ara mini naki."

"Ni? Me na sani a ciki?"

"Kin san ƙarar tulu cike da ta tulun da ba kome. Shi ke nan ilimin."

Ta tashi tana mita, ta dafa bishiyar ta kara kunnenta. Ya fara bugawa daga ɓangaren da ke kallon ƙofa. Ta ce nan da nauyi. Ya matsa gefen ɗakinta ya buga. Mu da ke tsaye nesa ma mun ji ƙarar, fayau, kamar an daki ganga. Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta daɗe da kuncinta a jikin ɓawon, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

"Ba kowa a ciki," ta ce. "Ta riga ta tafi, ganyen ne bai ji labari ba. Ka sauke ta, amma kada ka wulaƙanta ta."

Ni a raina na ce lallai tsohon nan gwanin dabara ne.

Washegari ya fitar da kowa daga tsakar gida, har kaji. Ya ɗaure ƙugunsa ya hau, ya fara daga can ƙololuwa. Kowane reshe sai ya ɗaure shi kafin ya yanka, ƙaninsa na sassauta igiya daga ƙasa, reshen ya sauko yana lilo ya kwanta. Ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Da ya rage gangar jikin, ya share hanyar da zai ja da baya, ya yi mata baki, wato ya yanke ɗan tsagi a gindinta, ta gefen filin da yake so ta faɗa, ya zagaya ya fara yanka ta baya. Ya kashe inji don ya duba. A nan ne bishiyar ta yi ƙara, ƙas, ƙas, irin gargaɗin da ya sha gaya mana cewa bishiya ba ta faɗuwa sai ta yi shi. Duk mun ji. Shi kaɗai bai motsa ba.

"Yaya! Yaya, matsa!"

Bai ji ihun ba, bakin ƙaninsa ya gani. Ya ja da baya ta hanyar da ya share, bishiyar ta kwanta daidai inda ya nufa. Inna, da ke leƙe ta tagar wani ɗakin can nesa, ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe da gaske yake."

Ya zauna a kan kututturen yana naɗe igiya. Daga baya ya miƙa wa ƙaninsa ita, ya ce wanda ba ya jin maganar bishiya bai kamata ya tsaya ƙarƙashinta ba, balle ya tsayar da wani. Daga ranar bai sake hawa ba.

A-Hankali, mai kwantar da giwa ba ta taka tukunya ba! Kai ne ka faɗi lalurarka a gaban mutane, ba ka ɓoye ta don kare suna ba, kuma da ita ka raba uwarmu da haɗarin da mu 'ya'yanta muka kasa raba ta da shi. Kai ne ka san lokacin sauke bishiya, ka kuma san lokacin sauka da kanka. Masu tasowa a wannan sana'a, da ma kowace, ku duba igiyarku kafin ku hau, kuma ranar da ƙarfi ko ji ya gaza, ku faɗa.

Inna tana nan lafiya a ɗakinta. Kututturen da ka daidaita mata ya zama kujerarta, ta sa an dasa wani ƙaramin mangwaro can nesa da rufi, inda ka nuna. Ranar da ka zo duba shi ta yi ta sa maka albarka, kana ta gyaɗa kai, na kuwa san ko rabi ba ka ji ba. Shi ya sa na rubuta. An ce gani ya kori ji, to ga shi ka gani da idonka: mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri.