Baba Manu, Mai Kai Mutane Kurmi Ya Dawo da Su

Da an idar da sallar asuba, Baba Manu zai nufi bakin tashar Batsari. Shi ba direba ba ne, ba kuma ɗan kamasho ba. Aikinsa raka mutanenmu zuwa kurmin Kuros Riba, can kusa da iyakar Kamaru, inda suke ƙodago a gonakin koko da goro. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan kai-da-komo. Kafin ya dubi fuskar matafiyi, ƙafarsa yake dubawa. In ya ga silifa sai ya ce, "Ɗana, je ka nemo takalmi. Can ba kasuwa za mu ba."

Dokarsa guda ce: in ka ɓace a kurmi, zauna inda kake. Mutumin ƙasar nan kuwa bai iya wannan zaman ba. Mu nan duk turbar da ka bi za ta kai ka wata ruga ko wani ƙauye, in ka rikice ka dubi rana. Can itatuwa sun haɗe sama, hantsi da la'asar duk kamarsu ɗaya.

Malam Almustapha, mai koyar da labarin ƙasa a Safana, shi ne babban shaida. Ya shekara ashirin yana zana kurmin nan a allo, bai taɓa ganinsa ba. Bara waccan ya ce sai ya gani da idonsa. Matarsa Sa'adiyya ta biyo shi har tasha, ta durƙusa ta ce, "Baba, ga amana nan. Gani yake ya san ko'ina."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Da yardar Allah tare za mu dawo."

Rana ta uku, suna tafe a ƙasa bayan hanyar mota ta ƙare, malam ya tsaya ɗaukar hoton wata itaciya mai saiwa kamar katanga. Ya ɗaga kai, babu ayari. Ya bi abin da ya ɗauka hanya ce, ta narke a cikin ganye. Waya babu sabis. Zuciyarsa na ce masa ya miƙe kawai, ai ga gabas nan, can ayari ya nufa. Tsoro ya kama shi sosai, kunya kuma ta fi tsoron. Amma ya zauna. Awa huɗu cur yana zaune, cinnaka na aikinsu.

Baba Manu ya kai sauran mutane masauki, ya juyo shi kaɗai, da gwiwarsa mai ciwo. Bai kira suna ba, don kurmi haɗiye magana yake. Dogon kiran nan ya yi, wanda yake yi wa shanu tun yana kiwo a ƙauyen Babban Duhu. Malam ya ji, ya ɗauki sanda ya dinga dukan saiwa har tsohon ya iso.

Baba Manu ya kama hannunsa ya kai shi wajen da malam ke cewa gabas. Taku talatin, sai ga kwazazzabo ganye ya rufe bakinsa, ruwa na gudu a ƙasa.

"Malam," in ji shi, "yau ka ci jarrabawa."

Malam ya ce a nan ya zube yana hawaye.

Baba Manu, kai ne idon baƙo a inda rana ba ta leƙawa. Kai ne ka koya wa masu gaggawa zama, ka koma da baya don mutum ɗaya alhali jikinka na neman hutu. Ba a taɓa kiranka taro an miƙa maka takarda ba, amma akwai gidaje a Yasore da Safana da ba a yi zaman makoki ba saboda kai. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Bana gwiwar ta ƙi, ya ce ya ajiye tafiya. Masu jini a jika, hanyar nan a kansa take, ba a rubuce ba, kuma yana nan da ransa yana son mai tambaya. Ku je ku koya. Ayarin bana zai tashi bayan girbi, mutum goma sha huɗu, kuma har yau ba a sami wanda zai shige musu gaba ba.