Gadar da Kaka ta rushe

Ni ban yi boko mai nisa ba, aji uku na yi na koma aikin reluwe. Abin da na sani game da Japan a bakin murhun Kaka na ji shi, a gidanmu na Tudun Wada, muna gasa doya bayan sallar isha.

Kawu Sale, autan Kaka, ya dawo daga yaƙin Burma. Ranar da ya sauka daga jirgi ya ba mu labari guda, wanda ya ji wajen wani fursunan Japan da ya yi gadinsa. Daga nan ya shige ɗaki ya rufe bakinsa. Tuwo ma a ƙofa ake ajiye masa. Aka yi rubutu, aka yi turare, shiru. Kaka tana ramewa muna gani.

Wani dare ta gyara zama, ta juya baya ga ƙofar Kawu, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga wata nan, daga ƙetaren ruwa ta taso."

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Labarin nan na Kawu ta ɗauko. Ta ce a zamanin da, Turawa suka riƙa zuwa ƙasar Japan da sukari da yadi da tabarau, suna sayen tagulla. Da mai mulkin ƙasar ya ga sun fara shiga abin da ba ciniki ba, sai ya kore su. Ya bar 'yan Holan kaɗai, ya sa su a wani ɗan tsibiri da aka cike da ƙasa, bai fi filin Idi ba. Idan sun je gaisuwa fada, har rawa ake sa su yi.

Na ce, "Bature da rawa, Kaka?"

"Rufe baki, mijin banza, ko doya ba ka iya juyawa ba. Sai sarki ya rushe gadar tsibirin. Ba shiga, ba fita. Suka mutu a can, Japan ma ta zauna ita kaɗai har abada."

Sai muka ji murya daga ɗaki, a dishe.

"Ba haka ba ne, Inna."

Kaka ba ta waiwaya ba. "Wa ke ba da labarin, ni ko kai?"

"Ba a rushe ba. Gada ɗaya ce, da mai gadi. Ta nan magani ya shiga, da littattafai."

"To na tsufa. Zo ka gyara, kada in lalata yaran nan."

Tabarmar ƙofa ta ɗaga. Ya zo ya tsuguna, aka miƙa masa doya, ya ƙarasa labarin. Kaka tana ta hura wutar da ba ta mutu ba tana share hawaye, wai hayaƙi ne ya shiga idonta.

Sai da na manyanta na gane da gangan ta yi. Tsohuwar da ke riƙe sunan kowace akuya a unguwa ba za ta manta gada ba. Kawu bai warke sarai ba, amma ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya mutu a cikin mutane.

Yanzu ni ma surutu ya ishe ni, na fi son ɗakina. Amma idan na jiyo jikokina a tsakar gida suna karkata labari, nakan nemi takalmina.